Tsingaro

Shekara goma sha ɗaya ina durƙushe.
Ba addu'a ba, ba gaisuwa ba,
tayil nake shimfiɗa wa mutane
daga Hanwa har Gyallesu,
har gwiwata ta yi kanta irin ta raƙumi.
Mai gida ya shigo da takalmi,
ya taka aikina, ya ce, "Nan bai kwanta ba."

Sai na ce ni ma zan miƙe tsaye.

Na kwashi adashi, na sayar da babur.
Uwani ta cire ɗan kunnenta, ba ta ce uffan ba,
ta ajiye shi kusa da kofin shayina.
Na kama shago a Tudun Wada, bayan masu walda,
ciki ɗaya, ƙofar ƙarfe mai kuka,
hayar shekara, lakadan ba ajalan ba.

Ran Laraba kaya suka iso daga Kano.
Kallamu direba ya rantse da Allah
rami ɗaya tak ya faɗa, wajen Kwangila.
Ramin nan ɗaya ya ci kwali tara.
Na ɗaga na farko, na ji yana magana,
kacau-kacau, kamar an zuba silalla a kwano.
Kuɗina ne kuwa.

Na jera abin da ya tsira:
fari mai jijiya, ja mai kama da katako,
'yan arba'in a ƙasa, 'yan sittin a sama,
leda naɗi huɗu tsaye jikin bango
kamar baƙin da ba a ba su tabarma ba.

Kwana shida ko tayi babu.
Mai rake ya leƙo, inuwa ya zo sha.
Wani ɗan kwangila ya shigo da tef a ƙugu,
ya ƙwanƙwasa wannan, ya shafa wancan,
ya ce na Sabon Gari ya fi sauƙi.
Zai fita ya dubi ƙasa, ya bushe da dariya:
"Mai tayil, kai naka shagon siminti tsura?"

Daren nan na rufe ƙofa ina ciki.
Na zauna kan kwali tara ina lissafi,
lissafi ya ƙi, sai Inna ta faɗo mini,
ranar daɓe a gidanmu na Ƙofar Gayan:
mata sun cika ɗaki, an zuba tsakuwa,
ruwan makuba na jiƙe a tsohon tulu,
madaɓi na sauka tim, tim,
ita kuma tana tsintar tsingaron tukunya
tana dasawa a bakin ƙofa.
"Barau, abin da ya fashe ba a zubarwa,
wurin zama ake sake masa."

Na kwaɓa siminti rabin buhu.
Na sake durƙusawa.
Babu igiya, babu awo,
ja kusa da fari, gajere kusa da dogo,
wanda ya yi girman kai na sa masa guduma.
Kiran assalatu ya same ni a bakin ƙofa
da guntu na ƙarshe a hannu.

Kwana uku ya bushe.
Wata dattijuwa, Goggo Delu, daga Tudun Jukun,
ta zo neman leda yadi biyu.
Ta tsaya a bakin shago. Ta tuɓe silifas.
"Yaro, nawa wannan?"
Na ce, "Goggo, wannan asara ce."
Ta ce, "To auna mini asarar.
Tsakar gidana taku sha biyu ne,
kuma jikokina sun gaji da taɓo."

Na rubuta a shafin farko na littafin ciniki,
biron yana rawa:
Tsingaro, buhu uku. An biya rabi.

Ɗan kunnen Uwani bai dawo ba tukuna.
Gwiwata ma ba ta yafe mini ba.
Kallamu kuwa ban ba shi labari ba,
kada ya riƙa neman rami da gangan.